Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Aka Danƙa Mini Rukunin Nazari

Barkanmu da sake saduwa. A makon jiya na tsaya a inda muka gama aji ɗaya a jami'a, na kuma faɗa muku yadda nake zuwa zumuntar ɗalibai Kirista in zauna can baya, da an shafa addu'ar rufewa in sulale. Yau za mu shiga aji biyu, shekarar da na daina zama 'yar kallo.

Zumuntar ɗalibai ba kamar ikilisiya take ba. A ikilisiya fasto yakan daɗe, dattawa su tsufa a kan kujerunsu, kowa ya san wanda zai nufa idan magana ta taso. A jami'a kuwa duk shekara sai 'yan ajin ƙarshe sun tattara kayansu sun tafi, kuma su ne suka fi kowa sanin aikin. Saboda haka kullum ana cikin neman wanda za a miƙa wa. Shugabar rukuninmu na nazarin Littafi Mai Tsarki tana karatun haɗa magunguna, ta shiga shekararta ta ƙarshe, aikin bincike ya sha mata kai. Wata ranar Lahadi bayan sujada ta riƙo hannuna muka koma gefe.

Ta ce, "Ƙanwata, daga wannan zangon ke za ki riƙe rukunin nan."

Na ce, "Yaya, ni? Ai ban taɓa tsayawa gaban mutane na yi wa'azi ba."

Ta ce, "Wa ya ce ki tsaya? Zama za ki yi a cikinsu. Ki karanta nassin tun kafin ranar, ki shirya tambayoyi, sa'an nan ki rufe bakinki ki bar su su yi magana."

Ta zaro wani littafin rubutu daga jakarta ta ba ni. Bangonsa ya yage, an liƙe shi da salatif. Kowane shafi an ja masa layi biyu an raba shi gida uku: me nassin ya ce, me yake nufi, me yake bukata daga gare mu. Da na buɗa baya na ga rubutun hannu iri uku dabam-dabam, wato shugabanni biyu sun riƙe shi kafin ita. A shafukan ƙarshe akwai sunayen 'yan rukuni, da lambar ɗakin kowa, da kwas ɗin da yake yi, da wani ɗan fili inda ake rubuta abin da mutum ya roƙa a yi masa addu'a a kai. Wasu an ja musu layi an rubuta "an amsa" da kwanan wata. Na daɗe ina kallon waɗannan shafuka a daren nan.

Bisharar Markus muka ɗauka, domin ita ce mafi gajarta a cikin bisharu huɗu, surori 16 ne kawai, tana kuma tafiya da sauri. Mukan haɗu ran Talata da yamma a wani ajin lakca da babu kowa, mu jawo kujeru mu yi da'ira. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shiru. Kin yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai, zuciyarki na ce miki ki amsa da kanki a wuce wurin. Yayar tawa ta riga ta gargaɗe ni cewa in na saba amsa wa kaina, rukunin zai koma ajin lakca, su kuma lakca ta ishe su tun safe. Sai na riƙa daurewa. Ashe wanda ya fi kowa shiru shi ne sau da yawa yake riƙe da maganar da za ta buɗe mana nassin.

Daga ɗarikoki dabam-dabam muka fito. Akwai 'yan Baptis, akwai Angilikan, akwai na ikilisiyoyin Fentikos, da wata 'yar Katolika da take zuwa namu bayan ta halarci na ƙungiyarsu. Tun a sura ta ɗaya gardama ta kaure a kan baftisma: na jarirai ko na manya, yayyafawa ko nitsarwa. Mutum biyu suka ɗau zafi har muryoyi suka tashi. Na ce musu kowa ya faɗi abin da aka koya masa a gida, mu saurare shi har ya gama, sa'an nan mu koma ga abin da Markus ya rubuta a gabanmu. Ba mu warware maganar ba, kuma ban ga laifin hakan ba. Ikilisiyoyi sun yi ɗaruruwan shekaru a kanta. Amma waɗannan mutum biyu tare suka fita a ranar, suna ci gaba da musu har ƙofar ɗakin kwana, daga baya ma suka zama abokan karatu.

A tsakiyar zangon aka tara sababbin shugabannin rukunoni don horo na ƙarshen mako. Wanda ya koyar da mu ma'aikacin ƙungiyar ne, irin waɗanda suke zagaya makarantu suna duba ɗalibai. A wurinsa na fara jin cewa abin da muke yi a wannan ɗan aji yana da dogon tarihi. Ya soma daga Jami'ar Oxford ta Ingila a 1729, inda Charles Wesley da wansa John suke taruwa da abokansu don addu'a da nazari da ziyarar fursunoni, har 'yan'uwansu ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a saboda tsananin tsarin da suka ɗora wa kansu. Ya zo kan Cambridge, inda ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu ta Kirista a 1877. Ya faɗi yadda wakilan ƙungiyoyin ƙasashe 10 suka haɗu a Harvard ta Amurka a 1947 suka kafa IFES, gamayyar ƙungiyoyin ɗalibai Kirista ta duniya, wadda yanzu take da ƙungiyoyi a ƙasashe sama da 160. Ya ambaci Bill Bright da matarsa Vonette da suka soma Campus Crusade, ƙungiyar bishara a tsakanin ɗalibai, a 1951 a wata jami'a a Los Angeles, ya ambaci ƙungiyoyin ɗalibai Kirista na nan Nijeriya, wato FCS da ta soma a 1957, da NIFES a 1968. Ni dai shekarun na rubuta don kada su ɓace mini, amma abin da ya zauna mini shi ne yadda ya ƙarasa. Ya ce shi baƙo ne a cikinmu, yakan zo ya tafi. Ba ya kwana a ɗakunanmu, ba ya zama a lakcocinmu, bai san wanda ya daina fitowa ba sai mun faɗa masa. Mu ne muke gani. Idan ɗalibi bai kula da ɗalibi ba, babu wani babba da zai iso a kan lokaci.

Ba a daɗe ba na ga gaskiyar wannan magana da idona.

A rukunina akwai wani ɗan aji biyu mai karatun injiniya. Yaro ne mai himma, irin wanda kowace zumunta take so ta samu. Yana cikin mawaƙa, yana cikin ƙungiyar addu'a, yana fita bishara ran Asabar, shi yake ɗauko lasifika da wayoyi kafin sujada, shi yake mayar da su bayan an tashi. Duk inda aka nemi hannu, nasa ne a sama. Sai na lura yakan yi gyangyaɗi a nazari, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyarsa. Da aka kafe sakamakon zangon baya, ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Na nemi wani ɗan'uwa ya raka ni, muka aika aka kira shi waje, domin mata ba sa shiga ɗakunan maza. Ya fito ya rame, idanunsa sun faɗa. Muka zauna a kan wani dakali. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce ya faɗi kwasa-kwasai uku, makinsa ya yi ƙasa har an ba shi gargaɗi, in ya sake faɗuwa za a sallame shi. Iyayensa ba su sani ba.

Ya ce, "'Yar'uwa, aikin Ubangiji nake yi. Me ya sa zai bar ni in kunyata haka?"

Ban ba shi amsa ba, don ban ga amsar da za ta dace da wannan lokacin ba. Na ce ya kawo jadawalinsa na mako mu duba. Ya rubuta mana a bayan wata takarda. Daga Litinin zuwa Lahadi babu yamma ɗaya da ba shi da taro, ga addu'ar dare ran Juma'a har wayewar gari. Lissafin injiniya kuwa ba a haddace shi a daren jarrabawa, sai an zauna an yi ta warware tambayoyi. Yaushe zai zauna?

Na kai maganar gaban shugabannin zumunta, na roƙa a sauke masa duk ayyukan nan sai nazarin rukuni da sujadar Lahadi. A nan aka rabu biyu. Shugaban ƙungiyar addu'a, mutumin kirki ne kuma har yau ina girmama shi, ya ce wannan gwaji ne, in aka janye shi yanzu an koya masa ja da baya, abin da yake bukata shi ne ƙarin azumi da addu'a. Wasu suka goyi bayansa. Ni kuwa na tsaya a kan bakana, kuma har yanzu ina nan a kai. Iyaye sun tura ɗansu karatu, wataƙila sun hana kansu abubuwa da yawa kafin su biya kuɗin makaranta. Idan zumunta ta cinye lokacinsa har aka kore shi, da wane ido za mu dubi mahaifiyarsa? Wace shaida muka bayar ga malamansa da 'yan ajinsa waɗanda suka san shi da wa'azi? Karatun ma aiki ne da Allah ya ba shi. Daniyel da abokansa uku sun yi shekara uku suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa a Babila, ba su ƙazantar da kansu ba, kuma da sarki ya gwada su bai sami kamarsu ba. A Markus ɗin da muke karantawa ma, a sura ta 6, da manzanni suka dawo daga aiki jama'a suka yi ta kaiwa da komowa har ba su sami sukunin cin abinci ba, Yesu da kansa ya ce su keɓe su huta kaɗan.

Da aka kasa daidaitawa sai aka je wurin majiɓincin zumuntar, wani malami dattijo a sashen kimiyya. Ya saurari kowa bai katse ba. Da muka gama ya ce, "'Ya'yana, a cikinku wa ya san makin yaron nan kafin a kafe shi?" Babu wanda ya amsa. Ya ce to laifin na tsarin ne, domin mun san muryarsa a waƙa, ba mu san halin karatunsa ba. Ya ba da shawara kada ɗalibi ya riƙe fiye da aiki ɗaya a zumunta, a rage taruka idan jarrabawa ta gabato, kowane shugaban rukuni kuma ya riƙa tambayar mutanensa yadda karatu yake. Aka amince, ko da yake ba kowa ne ya ji daɗi ba.

Daga nan rukunin ya ɗauki nauyin yaron. Wani ɗan aji huɗu a sashen lissafi ya ware masa yamma biyu a mako. Abokin ɗakinsa ya karɓi aikin tashinsa da asuba. Mutum biyun nan masu gardamar baftisma suka karɓi ɗaukar lasifika. Shugaban ƙungiyar addu'a, wanda muka yi saɓani da shi, shi ne ya riƙa zuwa ɗakinsa duk dare su yi addu'a ta minti kaɗan, sa'an nan ya ce masa ya buɗe littafi. Wannan ya ƙara masa daraja a idona ƙwarai. Shi ne kuma ya raka shi gida a hutun tsakiyar zango don ya faɗa wa iyayensa gaskiya da bakinsa.

Darasin lissafin nan bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. 'Yan aji ɗaya suka ji labari suka fara leƙowa, har aka koma babban aji. Ba a tambayar kowa addininsa a ƙofa. Abokiyar ɗakina Musulma ce, tana fama da lissafin ƙididdiga, ta ce ko za ta iya zuwa. Na ce ta zo mana. Ita ce dama take tashina idan ta tashi sallar asuba, don in yi addu'ar safe kafin hayaniya ta fara, ni kuma in rage sautin waƙoƙina idan ta shimfiɗa darduma. Ta zo da ƙawayenta biyu, suka zauna a gaba, suka fi kowa yin tambaya.

Yaron ya ci biyu daga cikin kwasa-kwasai ukun da ya maimaita. Na ukun ya sake kayar da shi, sai da ya ƙara shekara ɗaya a kan 'yan ajinsa kafin ya gama. Amma ba a sallame shi ba. Ranar da ya zo ya faɗa mini, na ɗauko littafin nan mai salatif, na nemo sunansa, na rubuta abin da aka samu da abin da ya rage, na ce masa ba zan ja layi ba tukuna. Ya yi dariya ya ce shi ma bai ce a ja ba. Ya koma cikin mawaƙa a zango na gaba, aiki ɗaya tak, sauran ya bar wa wasu.

A ƙarshen shekarar Yaya ta gama ta tafi. Kafin ta tafi ta tambaye ni ko na fara duba wanda zan miƙa wa rukunin. Na ce ai yanzu na karɓa. Ta ce ita ma tun watanta na farko ta sa mini ido, ina can baya ina shirin sulalewa. Na ce akwai wata 'yar aji ɗaya da ba ta cika magana ba, amma in ta yi tambaya sai kowa ya koma ya sake duba ayar. Ta ce in fara ba ta buɗe taro da addu'a, in ga yadda za ta yi.

A dogon hutun wannan shekarar ne zumunta ta shirya fita bishara zuwa karkara, aka sa sunana cikin masu tafiya, mahaifina kuma ya ce sam bai yarda ba. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.