Yadda na bi fitowar waƙar AC/DC ta 2020 har na zauna koyon kaɗa ta

Ni dai tun 2017 na riga na cire rai da ƙungiyar kiɗan rock ɗin nan AC/DC, kuma duk mai bin su a lokacin ya san dalili. A 2016 likitoci suka ce wa mawaƙinsu Brian Johnson ya dakata da hawa dandamali ko kuma ya kurmance gaba ɗaya, sai Axl Rose na Guns N' Roses ne ya ƙarasa musu zagayen wasannin, mai jitar bes ɗinsu Cliff Williams ya ce shi ya yi ritaya, mai ganga Phil Rudd yana can New Zealand ya sha fama da kotu har aka yi masa ɗaurin talala a gidansa, sannan a Nuwamba 2017 mai jitarsu Malcolm Young ya rasu bayan ya daɗe yana jinyar ciwon mantuwa. Malcolm ɗin nan fa shi da ƙanensa Angus ne suka kafa ƙungiyar a Sydney ta Ostireliya a 1973. To in babu shi me ya rage?

A 2018 hotuna suka fara yawo an gan su a wani situdiyo a Vancouver ta Kanada, Brian da Phil suna tare, mutane suka yi ta surutu, daga nan kuma shiru kamar an shuka dusa. Sai ƙarshen Satumba 2020, ana tsakiyar korona kowa yana zaune a gida, suka saka hoton su biyar a shafukansu, Angus da Brian da Cliff da Phil da kuma Stevie Young, ɗan babban yayan Malcolm da Angus, wanda ya karɓi gurbin Malcolm tun 2014. Ranar 7 ga Oktoba suka saki waƙar farko mai suna Shot in the Dark. Wallahi ranar ban iya yin komai ba sai da na sa data na sauke ta.

Minti uku ce da 'yan daƙiƙu. Angus ya buɗe shi kaɗai da ɗan gajeren kiɗin jita, sai sauran suka faɗo gaba ɗaya, sai muryar Brian, dattijo ɗan shekara 73 wanda aka ce kunnensa ya tafi, ga ta nan da ƙarfinta. Kalmomin waƙar gaskiya ba wani abin a zo a gani ba ne, zancen shagalin dare ne irin wanda suka saba, ni ba don su nake jin waƙoƙinsu ba.

Na tura wa yayana, don shi ne ya fara jiyar da ni su a kaset muna yara, ya saurara a sifikar waya ya ce min ai wannan tsohuwar waƙarsu ce suka canza mata suna. Na ce Yaya don Allah ka bari in kawo maka abin kunne mai kyau ka sake ji, da ya ji sai ya yi shiru ya ce in maido masa daga farko. Abu na farko da na koya kenan, irin wannan kiɗa ba a yanke masa hukunci a sifikar waya, bes da gangar ƙafa duk ɓacewa suke, kuma rabin waƙar a can take.

Maganar da Yaya ya fara yi ita ce dai mutane da yawa suka yi ta yi a intanet, wasu na cewa shekara kusan 50 abu ɗaya suke maimaitawa, wasu kuma na cewa ai abin da muke so kenan kada su taɓa shi. Duk da haka waƙar ta hau ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin rock na Billboard a Amurka, albam ɗin Power Up da ya biyo baya ranar 13 ga Nuwamba shi ma ya zama na ɗaya a Amurka da Ingila da Ostireliya da wasu ƙasashe da dama. An sa su cikin 'yan takarar Grammy na 2022 amma ba su ci ba, Foo Fighters ne suka kwashe kyaututtukan rock a shekarar.

Ni abin da ya raba min gardama shi ne da na ɗauki jita na ce bari in kaɗa ta. Hannun hagu ba shi da wata wahala, wuraren da za ka danna kaɗan ne, wanda ya yi 'yan watanni yana koyo ma zai iya. Aikin duk yana hannun dama, musamman wajen tsayawa, ka buga ka kashe sautin nan take ka bar gurbi ganga ta cika, in ka bar igiyar ta ci gaba da ƙara ko da ɗan kaɗan ne shi kenan waƙar ta zama hayaniya. Kuma sai da na rage ƙarar nan mai kaushi a amfilifaya sosai kafin sautin ya fara kama da nasu, mutane suna ɗauka AC/DC ƙure na'ura suke yi, alhali sautin jitarsu kusan a wanke yake, ƙarfin bugun hannu ne yake sa ka ji shi da nauyi.

Da muka haɗu da abokaina biyu, ɗaya a jita ɗaya a ganga, nan ne na gane aikin Malcolm wanda yanzu Stevie yake yi. Jita biyun nan kamar lugude suke, in ɗaya ta sauka ɗaya ta ɗaga, in wani ya yi gaggawa duk an rikice. Mai gangarmu yaro ne mai hannu, yana son ya riƙa zuba ado a kowane lungu, na ce masa ƙanena saurari Phil Rudd da kyau, mutumin nan daga farko har ƙarshe bugu ɗaya yake riƙewa ba ya gaba ba ya baya. Ya gwada, ya ce min Yaya wannan ai ya fi wanda nake yi wuya. Haka ne kuwa, jiki yana son ya ƙara sauri in kiɗa ya yi daɗi, hana shi ɗin shi ne gwanintar.

Shi ya sa yanzu in na ji an ce wai ba su kawo sabon abu ba raina yake ɗan ɓaci. Angus ya faɗa a hirarraki cewa waƙoƙin albam ɗin daga tarin kiɗan da suka ajiye shi da Malcolm tun yana raye ya zaɓo su, shi ya sa duk waƙoƙin sunan su biyun ne a matsayin marubuta, kuma albam ɗin girmamawa ce gare shi, kamar yadda albam ɗinsu Back in Black ya zama ga Bon Scott, mawaƙinsu da ya rasu, a 1980. Mutumin da ya rasa yayansa ya buɗe ajiyarsu ya fito da ita, ka ce masa ya canza salo? Da ya canza da ba hannun Malcolm za mu ji ba.

Saboda korona ba su samu kaɗa ta gaban jama'a ba sai Oktoba 2023 a bikin Power Trip a Kalifoniya, a ranar ma ba Phil ba ne a ganga, Matt Laug ne ya zauna. Na kalli bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka, kowa kyamararsa tana kan Angus da kayan 'yan makarantarsa yana zagaye dandamali, ni kuwa Stevie nake ta nema a can baya kusa da ganga don in ga yadda yake kashe igiya, har yanzu akwai wuri ɗaya kafin amshi da hannuna yake makara, kuma shi nake kan gyarawa.