Kotun Sama Takarda Take Gani

Idan aka miƙo mini kundin shari'ar laifi don in ɗaukaka ƙara, ba hukuncin nake fara karantawa ba. Ranar da aka gurfanar da mutumin nake nema. An karanta masa tuhumar? An yi masa bayaninta da harshen da yake ji? Wa ya yi tafinta? Sashe na 36(6) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi waɗannan haƙƙoƙi, tafintan ma kyauta. Tun a 1988, a shari'ar Kajubo, Kotun Ƙoli ta rushe shari'a ɗungurungum saboda an saɓa ƙa'idar gurfanarwa.

Akwai wani kundi da ya hana ni sukuni. Mai ɗaukaka ƙarar ba ya jin Turanci, ya rantse mini rabin abin da shaidu suka faɗa bai shiga kunnensa ba, kuma na gaskata shi. To amma na bi kundin shafi-shafi, babu inda lauyansa na farko ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, muna buƙatar tafinta." Alƙalan sama ba su ga fuskarsa a akwatin tuhuma ba, abin da aka rubuta kaɗai ne a gabansu. Kuma sun sha nanata cewa wanda ke da lauya bai nemi tafinta ba, da wuya a saurari kukansa daga baya. Haka na ajiye wannan hujja, raina bai so ba.

Mafitar a layi biyu na same ta, cikin tambayoyin da aka yi wa ɗan sanda mai bincike. Ya ce shi ya rubuta bayanin amsa laifin, amma wani ne ya fassara masa. Wannan mai fassarar ba a kira shi shaida ba, bayani irin wannan kuwa doka "an ce" take ɗaukarsa, wato jita-jitar da kotu ba ta karɓa a matsayin shaida. A kansa na gina ƙarar.

Tun daga nan na sauya yadda nake tsayawa a kotun farko. Idan an tilasta wa mutum amsa laifi, a daidai lokacin da ake miƙa takardar nake ƙin amincewa, don a yi ƙaramar shari'a a kanta. Ina magana a hankali, domin alƙalai da yawa da hannu suke rubutu, kuma ina roƙon a rubuta matsayar kotu ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Na san mutane na jin zafin irin waɗannan hukunce-hukunce. A ranar 8 ga Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan Jihar Abia, Orji Uzor Kalu, shekara 12, saboda alƙalin ya riga ya sami ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin ya dawo ya ƙarasa ta. Ni ma asarar shekarun da aka kwashe ana shari'ar ta dame ni. Sai dai yawancin waɗanda nake karewa da waɗannan ƙa'idoji ba tsofaffin gwamnoni ba ne, mutane ne da suka dangwala yatsa a takardar da ba su iya karantawa.