Katin girafik yana zafi: abin da muke dubawa kafin mu kwance ko noti ɗaya

Cikin ayyukan da ake kawo mana na kwamfutocin gem, wanda ya fi yawa shi ne zafin katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoton da kake gani a allo. Mutum zai shigo da kwamfutarsa a rungume ya ce oga fanka tana ta ƙara kamar jirgi zai tashi, gem ya fara lafiya lau can sai ya riƙa sarƙewa, wani lokacin ma allo ya yi baƙi ƙirin. Kuma yawanci tun daga gida ya gama yanke hukunci, ko dai katin ya mutu ko a canza masa tamal fes, man nan da ake shafawa tsakanin cif ɗin katin da ƙarfen da ke sanyaya shi, yanzu-yanzu.

Ni dokar da na kafa wa yarana ita ce ba mai taɓa sukundireba sai an auna. Mu kunna manhajar nuna zafi, HWiNFO ko GPU-Z, mu sa gem ɗin da yake bugawa ko FurMark mai sa kati aiki tuƙuru don gwaji, mu zauna mu ga lambobi. Kati yana aiki tuƙuru ya kai digiri 70 zuwa 80 ba wani abu ba ne wallahi, da yawa daga katunan Nvidia sai wajen 83 suke fara rage gudu da kansu. Sannan akwai lamba ta biyu, ta wurin da ya fi zafi a jikin cif ɗin, ita a katunan AMD irin RX 5700 kamfanin ya ce har 110 tana cikin ƙa'ida. Abin da ni nake kallo shi ne ratar da ke tsakanin lambobin biyu, in 10 ce zuwa 15 babu damuwa, in ta doshi 30 to fes ɗin ya bushe ko ƙarfen sanyayan bai zauna daidai ba. Wasu kuma hankalinsu tashi yake don sun ga fanka a tsaye, alhali katunan zamani da gangan suke tsayar da ita sai zafi ya kai wajen 50 ko 60.

Gwaji na gaba kyauta ne, cire murfin gefen akwatin kwamfutar kawai ka sake bugawa. In zafin ya sauka sosai, katin ba shi da laifi, akwatin ne ba ya numfashi. Nan ne nake yawan jin haushi gaskiya, mutum ya sayi kati mai cin wat 320 irin RTX 3080 ya cusa shi a akwatin da gabansa gilashi ne rufe ruf saboda yana son fitilu masu kala, fanka ɗaya tal a baya, sannan ya tura shi ƙarƙashin tebur ya manna da bango. Ina iskar za ta bi? Fankokin gaba su jawo iska ciki, na baya da na sama su fitar, kuma mun sha tarar da wanda aka ɗaura a juye.

Sai ƙura. Kana haska tocila tsakanin siraran ƙarafan nan na ƙarƙashin fanka za ka ga ta dunƙule ta zama kamar bargo, har da gashin kyanwa a wasu. Muna hura ta da iska amma sai an dafe fankar da yatsa, don in ka bar ta tana juyawa da ƙarfin iskar za ka iya lalata mata boris.

Sai duk wannan ya gaza muke buɗe katin, kuma sai na tambayi mai shi ko garanti bai ƙare ba. Tsohon fes za ka same shi ya bushe yana ɓarewa, mu goge da sifirit mai ƙarfi mu shafa sabo ya rufe cif ɗin gaba ɗaya, mu ɗaure notuna huɗun nan a gicciye kaɗan-kaɗan. Inda masu yi a gida ke shiga uku shi ne fad ɗin da ke kan memori, ɗan faifai mai laushi da ke kai zafinsa ga ƙarfen. Kaurinsa daban-daban ne, akwai na milimita 1, da 1.5, da 2, ka sa wanda ya fi kauri sai ya ɗage ƙarfen daga kan cif, zafi ya fi na da. Katunan 3080 da 3090 memorinsu GDDR6X ne mai zafin tsiya, a 110 yake rage gudu, 3090 ma har a bayan katin akwai memori, shi ya sa waɗanda aka yi haƙar kirifto da su aka zubo kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin Ethereum a Satumbar 2022 nake fara duba musu zafin memorin.

Kafin kwastoma ya tafi nakan buɗe masa manhajar saita kati ta MSI Afterburner in rage iyakar wutar zuwa kashi 80 ko 85, in kuma allonsa na 60Hz ne, wato hoto 60 kawai yake nunawa a daƙiƙa, in ƙayyade gem ɗin kada ya riƙa fitar da hoto 200 a daƙiƙa da ba zai gani ba. Wasu sukan yi gardama wai na rage musu ƙarfin kati, sai in ce su buga a gabana su nuna min inda ya ragu, yawanci ƙarar fankar ce kawai suke lura ta lafa.