Kututture ba gawa ba ne

Ina da wata ɗabi'a da abokaina ke yi wa dariya: in na ga kututturen bishiya sai na tsuguna na duba gefensa. Abin da nake nema shi ne ƙananan tohon nan masu ɓullowa a cunkushe ta cikin ɓawo. Mutane na ɗauka da an sare bishiya shi ke nan ta mutu. Ina!

A ƙarƙashin ɓawo akwai idanun toho da bishiya ke ajiyewa shekara da shekaru ba su motsa ba, domin kan bishiyar na sako wani sinadari, oksin, da ke danne su. Da an sare kan, danniya ta kau. Ga saiwa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, cike da abincin da ganye suka tara, ga kuma babu rassan da za ta ciyar. Duk ƙarfin nan sai ya koma kan toho. Shi ya sa tohon kututture yakan tsere wa sabon dashe nesa ba kusa ba.

Wuta ma haka take. Ciyawa daga gindi take girma, dab da ƙasa, sai gobara ta lashe ganye ta bar inda ran yake. Bishiyar turare kuwa ta fi ba ni mamaki. Bayan gobarar dajin Ostareliya ta 2019 zuwa 2020, an ga itatuwan turare baƙi ƙirin kamar gawayi, amma koren ganye na tsattsagowa daga jikinsu tun daga ƙasa har sama. Wasu ma wutar suke jira. A dajin Yellowstone na Amurka akwai itacen fayin, mai siraran ganye kamar allura, da ƙaro ke liƙe kwanson irinsa, sai zafi ya narkar da ƙaron iri ya zube, kuma haka aka yi bayan gobarar 1988. A 2004 masana suka gano wani sinadari a cikin hayaƙi da ke tayar da irin da ya daɗe kwance a ƙasa.

Sai dai kada a ɗauka kowace bishiya ce mai wannan baiwa. Yawancin itatuwan fayin, in an sare su a gindi, ba sa tohowa. Wadda ke tohowar ma ajiyarta na da iyaka: in duk tohon da ya leƙo dabba ta cinye shi ko an sake sarewa kafin ganye ya mayar wa saiwa abin da ta kashe, a hankali saiwar za ta ƙare, kututturen ya bushe.