Wasiƙa Daga Landan: Ginin Gida Daga Nesa da Tuwon Ranar Hutu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Allah Ya bar zumunci.

Duk Bahaushen da ka zauna da shi a nan Landan, direban bas ne ko ma'aikaciyar jinya ko ɗalibi, in hira ta yi nisa sai ta gangaro kan gida. Ba ɗakin hayar nan ba, gidan kansa a Kano ko Zariya ko Maraɗi, mai zaure da ɗakin Hajiya da darbejiya a ƙofa. Buri ne mai kyau, kuma yana cika. Sai dai ku da kuke riƙe mana amanar aikin ya kamata ku san yadda kuɗinsa ke taruwa da inda yake zurarewa. Ya kamata kuma ku san cewa mai turo kuɗin nan sai ya rayu a yau kafin ya kai ga shiga gidan gobe.

Albashin nan ba ya zuwa hannu yadda aka ambace shi. Abin da ya haura fam 12,570 a shekara ana cire masa haraji aƙalla kashi 20 cikin 100, ga kuɗin inshorar ƙasa a kai. Sannan haya ta ɗauki kaso mafi tsoka, harajin ƙaramar hukuma ya biyo, sai gas da lantarki da kuɗin jirgin zuwa aiki. Ɗalibin jami'a da ya zo da bizar karatu kuwa doka ba ta yarje masa aikin da ya wuce awa 20 a mako ba muddin ana cikin zangon karatu. Don haka in za ku juya fam zuwa naira a zuci, ku juya abin da ya rage, ba albashin ba. Ragowar nan ita mai hankali ke kasawa: na iyaye da iyali, na ko-ta-kwana wanda zai riƙe shi wata uku in aiki ya tsaya, na gini, da ɗan abin da zai ji daɗin ransa. Wanda ya haɗe kuɗin gini da na cefanen gida a asusu ɗaya, biki ɗaya da rashin lafiya ɗaya sun isa su cinye linta.

Aikin yana farawa ne daga takarda, ba daga bulo ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, abin da mutum ke samu shi ne izinin mallaka, galibi na shekara 99, kuma sayar da fili mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewar gwamna. Kafin a biya ko sisi, a kai lambar filin ofishin filaye a bincika, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a ga ko sunan mai sayarwa ne a kai, ko an jinginar da shi a banki, ko hanya za ta bi ta wurin. Filin awon igiya, wato wanda ba hukuma ce ta yanka shi ba, ya fi araha, shi ya sa ake rububinsa, amma sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce ta ciniki, ba ta hana rusau in tsarin gari ya zo. In filin gado ne, a tabbatar an raba, kuma duk magada sun sa hannu, har mata da waɗanda ke wani gari. A kira safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, domin fuloti mai ƙafa 50 a 100 a baki yakan koma 45 a 90 a ƙasa. Kuma a je a ga wurin a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa. Filin da ke da kyau a watan Maris kan zama tafki da damina.

Ga wata magana mai nauyi, amma gara a faɗe ta. A rubuta sunan mai kuɗin a takarda, ba na yaya ko kawu ba, komai yarda. Ba zargi ba ne. Mutuwa ba ta sallama, kuma ranar da wanda sunansa ke takarda ya faɗi, filin ya shiga gadon 'ya'yansa a idon shari'a. In ana son wakili, a yi masa takardar wakilci da ta fayyace abin da zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka babu abin kunya a rubutu tsakanin 'yan uwa.

Bayan takarda sai zane. A zana gidan gaba ɗaya tun farko, a nemi izinin gini, a Kano wurin KNUPDA, amma a gina shi kashi-kashi. Ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki, an rufa an sa ƙofa, sun fi ɗaki shida da suka shekara biyar a tsaye ba rufi, ruwa na dukansu, ciyawa ta cika su, rodin da aka bari a waje ya yi tsatsa. Yawancin kangwayen da kuke gani a bayan gari ba talauci ne ya tsayar da su ba, an yanko abin da ya fi ƙarfin aljihu ne.

A harsashi ne ba a yin rowa, don shi kaɗai ne ba a komawa a gyara. Zurfinsa ya danganta da irin ƙasar, kuma injiniya ne zai faɗa, ba ɗan kwangila ba. Ƙasa mai laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ita ke tsaga bango daga ƙasa har sama. Kankaren ginshiƙi da linta ana haɗa shi ne kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, kwano biyu ke nan na kwanon da leburori ke ɗauka, saboda haka buhu ɗaya yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Inda ake cuta shi ne ruwa: leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, alhali yawan ruwa ke kashe ƙarfin kankare. Yashin ma a duba shi. A damƙa a hannu, in ya dunƙule ya bar jan shafi a tafi, akwai laka a ciki, siminti ba zai kama shi da kyau ba. Kafin a zuba daɓen ƙasa a shimfiɗa leda mai kauri, ita ke hana danshi hawa bango, wanda ke sa fenti ya yi ta ɓarewa daga gindi. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, musamman da hunturu lokacin da iska ke busar da komai. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Bulo kuwa akwai lissafin da mai gida zai iya yi daga ko'ina. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 10. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 da tsayin mita 3, in an cire ƙofa da tagogi, yana cin kimanin 400, kuma adadin yana raguwa in ɗakuna sun yi tarayya a bango. Bulo mai inci 9 na kirki ba a fitar da fiye da 30 zuwa 35 daga buhu ɗaya. Wanda aka matsa aka fitar da 50 ko 60, da yatsa ma sai ka murtsuke gefensa. Gwajinsa ba wuya: a ɗaga shi zuwa ƙirji a sake shi a ƙasa, mai kyau ba ya wargajewa.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ma ya wuce naira 10,000 a wurare da dama a lokacin. Darasin a fili yake: kuɗin gini ba ya kwana a naira. Ko dai ya zauna a fam har ranar aiki, ko a mayar da shi kayan da ba sa lalacewa, irin su bulo da kwanon rufi da rodi a ɗaki mai rufi. Ban da siminti. Shi yana shan danshin iska ya daskare, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, don haka a saye shi dab da aiki, a jera kan katako nesa da bango. 'Yan uwa na Nijar sun ɗan huta da matsalar faɗuwar darajar kuɗi, tunda sefa a ɗaure take da yuro. A biya kuɗi mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, kuma kada mai sayo kaya ya zama shi ne mai duba aiki kuma shi ne mai ba da rahoto. Ranar zuba kankare a kira mai gida ta bidiyo a WhatsApp ya ga rodin da idonsa kafin a rufe shi, gani ya kori ji. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara, ramin masai kuma ya yi nisan mita 30 da rijiya in fili ya ba da dama. Tayil da silin da fenti duk suna iya jira.

To, duk wannan aikin shekaru ne, kuma a nan nake roƙonku. Akwai masu ɗaukar aikin dare da na rana, su hana kansu nama da hutu da ziyara, wai sai gida ya tashi. Jiki ba ya ɗaukar haka a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Hukumar lafiya ta nan ma tana ba da shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 a rana lokacin sanyi, masu baƙar fata kuwa duk shekara, saboda ƙarancin rana. In ɗan uwanku ya ce wannan watan ba zai turo na bulo ba, zai huta, ku ce masa ya kyauta.

Abin da ke riƙe mutum a nan ƙanana ne, kuma ba su da tsada. Tuwon ranar hutu na gaba. Basmati da shinkafar da aka turara ba sa tuƙuwa, warwatsewa suke don ba su da danƙo. Wadda ke yi ita ce gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara da sukari, kowane babban kanti na da ita. Kofi 2 da ruwa kofi 6, wuta kaɗan, minti 35 zuwa 40 har ta yi luguf, sannan a tuƙe da muciya a rufe ta turara. Miyar kuka kuwa cokali 3 zuwa 4 ya ishi lita ɗaya ta romo. A rage wuta, a riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya ana kaɗawa da ɗayan. In aka juye ta gaba ɗaya sai ta yi gudaji, in aka bar ta tana tafasa da yawa kuma ta tsinke ta yi ɗaci. Daddawa a ajiye ta a firiza cikin kwalba mai murfi, a buɗe taga in za a sa, don gidajen nan a manne suke da na maƙwabta.

Fura ma tana samuwa. Shagunan Indiyawa na sayar da garin gero da sunan bajra. Kofi 2, ƙaramin cokali na citta, rabinsa na kanumfari, ɗan barkono, a kwaɓa da ruwa kaɗan ya yi tauri, a cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa minti 20 zuwa 25. A kirɓa da zafinta, in ta huce ba ta haɗuwa. A dama da yogot marar sukari, shi ya fi kusa da kindirmo. Masu son waina kuma, kaskon nan mai ramuka na Indiyawan kudu yana maye gurbin tanda, sai dai ƙullu ba ya tashi a kicin mai sanyi, sai an ajiye shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Kuɓewa ɗanya da attaruhu da manja da doya duk akwai su a Peckham da kasuwar Ridley Road. Wanda ya dafa irin wannan ya kira mutum biyu uku daga masallaci, aka ci da hannu, aka ɗora shayi, aka yi Hausa har dare, ya sami ƙarfin wani makon.

Sai kiran waya, wanda ya fi komai sauƙi a gare ku. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya ne da naku, sauran watannin kuna gabanmu da awa ɗaya. Ku riƙa kira ba don an turo ko ba a turo ba. Ku ba da labarin wanda ya haihu, da yadda gero ya yi bana, ku miƙa wa Hajiya wayar ta sa albarka.

In kuma wani zai taho kuna son yin tsaraba, ku ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da zoɓo, a ƙulle su sosai a rubuta sunan kowanne a jiki. Kada ku sa kilishi ko dambun nama ko man shanu, dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa ake yi a filin jirgi, wani lokaci har da tara.

A gaida manya da yara. Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku a Landan