Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hannun da Baffa Ya Hana Allura

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin dare a gidan kula da tsofaffi, na kuma yi alkawarin yau zan faɗi yadda aurena da Hadiza ya kusa rushewa tun ba a ɗaura ba. Ku yi mini afuwa, ba zan iya ba. Shekaranjiya ina laluben takardun haya a ƙarƙashin gado hannuna ya taɓo akwatin nan na katako mai ƙananan sojojin da na fente, na jawo shi na buɗe, kuma tun daga lokacin babu abin da ke yawo a kaina sai maganar Baffa. Zancen aure ya jira.

Wanda ya san gidanmu a unguwar Kwarbai ta Zariya ya san zauren, ya san tabarmar da Baffa ke zama da babbar riga shimfiɗe a cinya. Aska takwas ɗaya takan ci masa wata uku, wani lokaci huɗu idan da zaren tsamiya ne, kuma har daga Kano ake aiko masa. Ina shekara tara na ɗauki allura a zauren nan ba tare da an ce in ɗauka ba. Na zura zare, na soma bin zanen tambari a kan wani ƙyalle da aka yar. Baffa ya ɗago kai, bai ko kalli ɗinkin ba, hannun ya kalla. Ya zare allurar daga yatsuna ya miƙa wa yayana Sabo, ya ce, "Hagu ta tsarki ce, ba ta allura ba." Shi ke nan. Daga ranar aikina ya zama sayo zare da kai riguna wajen masu bugu. Sabo kuwa aka zaunar da shi kusa da gwiwa.

To, shekara ashirin da wani abu bayan haka ga ni a Nottingham ina juya tsofaffin Turawa a gado da tsakar dare. Akwai wata tsohuwa a ɗaki na ƙarshe wadda ta daina gane kowa. Mijinta, tsohon direban bas, yakan zo kullum da yamma ya zauna har sai an ce lokaci ya yi. Ba ta magana, shi ma ba ya yi. Sai ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya fito da mutum-mutumin soja wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, a manne a kan toton kwalba, ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya kama shafa masa fenti da burushin da gashinsa bai fi tsinken sakace ba. Baba nake ce masa. Da farko ya ɗauka sunan wani ne, da na yi masa bayani ya yi dariya ya ce ya karɓa.

Shi ya fahimtar da ni irin garin da nake zaune a ciki ban sani ba. Ashe Nottingham ita ce cibiyar wannan sana'a. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, hedkwatarsa tana unguwar Lenton, kuma nan ne suke da katon zauren da suke kira Warhammer World, inda mutane ke zuwa daga ƙasashe don kallon dodanni da mayaƙan tatsuniya a cikin gilashi. Na sha wucewa ta wajen a tiram ban taɓa tambaya ba. Ban da su akwai ƙananan kamfanoni irin su Warlord Games da Perry Miniatures masu yin sojojin tarihi. Yawanci milimita 28 ne tsawon kowane soja, na roba ko na ƙarfe, kuma tsirara ake sayar da su, ba launi. Kai za ka haɗa, ka fente, sannan a jera su a tebur mai ƙafa 6 da ƙafa 4, a yi yaƙi da ɗan ludo da tef ɗin awo irin na tela.

Wani dare ya miƙo mini burushin ya ce in gwada a takalmin sojan. Na karɓa da dama. Ban yi tunani ba, jiki ne ya saba, duk abin da babba ya miƙo da dama ake karɓa kuma da dama ake yi. Hannun ya hau rawa, baƙin fenti ya haye har gwiwar wando. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ai na ga da wancan hannun kake sa hannu a rajista. Me ya same shi?" Na rasa amsa. Ta ina zan fara yi wa Bature bayanin zauren Kwarbai?

Shi ne ya ba ni labarin Michael Perry. Tagwaye ne, shi da Alan, su suka sassaƙa sojan da ke hannuna. A 1996 a Faransa, wajen wasan kwaikwayon wani tsohon yaƙi, igwa ta tashi yana cikin ɗura ta, ya rasa hannunsa na dama. Mutumin ya koma ya koya wa hagu sassaƙa daga farko, kuma ya ci gaba da aikinsa. Baba ya ɗaga sojan kusa da fitila ya ce in dubi yatsun da ke riƙe da bindiga. Na duba. Har gaɓoɓi akwai. A daren nan bayan ya tafi na shiga ɗakin wanki na zauna a kan kwandon zannuwa na daɗe. Hagu ta tsarki ce. To ga wadda ta sassaƙa runduna.

Ƙungiyar su Baba ta masu fentin sojoji na haɗuwa ran Alhamis a saman wani ɗakin taro na unguwa, kuma duk hunturu suna yin gasa. Mako 12, daga farkon Disamba. Kowa zai faɗi adadin sojojin da zai gama, ya jefa fam 10 a gwangwani, wanda ya cika alkawari ya ɗauki abinsa, wanda ya gaza kuɗinsa ya tafi shayi da biskit. Masu shekara talatin a harkar suna cewa 60, suna cewa 80. Ni da ban cika wata biyu da riƙe burushi ba na buɗe baki na ce 120. Baki shi ke yanka wuya. Ba da su nake gasa ba, da wani tsoho nake yi wanda yake Zariya bai ma san ana yi ba.

Na zaɓi Ansaru, mayaƙan Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, wanda ya ci Khartum a Janairun 1885. Kwali uku na saya, 40 a kowanne. Dalilina na gida ne. Kun san maganar Inna a kan ƙanen Kaka da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903, aka kashe Sarkin a Burmi, shi kuma ya wuce tare da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau, bai sake waiwayo gida ba. Ba a zamanin Mahadi ya je ba, an riga an yi yaƙin Karari, inda aka murƙushe Ansaru, tun 1898, amma duk da haka da na ga rawani da mashi da jibba sai na ji kamar dangi ne.

Aikin ba daga fenti yake farawa ba. Sai ka yanke kowane hannu da kai daga jikin firam, ka kankare layin da injin ya bari da bakin reza, ka manna da gam, ka fesa farin shafe na ƙasa don fenti ya samu abin kamawa. Goman farko na lalata su. Na ɗebo fenti kai tsaye daga kwalba na lafta, fuskokin suka toshe kamar an tsoma su a kunu. Baba ya ce a tsinka shi da ruwa har ya yi kamar madara, a shafa sau biyu, kada a yi gaggawa. Ya nuna mini yadda ake shimfiɗa takardar gashin burodi a kan jiƙaƙƙen soso don kada fentin ya bushe. Ya nuna mini wani ruwa-ruwan launi mai duhu da ake zubawa ya gangara cikin lungunan tufa ya fito da inuwa, da yadda ake goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa sannan a shafa sama-sama don tudun ya yi haske. Sirrin rawar hannu kuma ashe ba a hannu yake ba. Ka kafa gwiwar hannu biyu a tebur, ka haɗa tushen tafukanka wuri ɗaya, idan za su yi rawa su yi tare.

Wajen fata ne muka yi sa-in-sa da wani saurayi mai fentin koren dodanni. Ya ce in sayi ruwan ƙasa ɗaya in shafe su duka in huta, daga nesa ba mai ganewa. Na ce masa a gidanmu kaɗai akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai ja irin Gwaggo. Kala uku na haɗa, kuma har yau ina iya nuna muku wanda na yi da launin Sabo. Mai tuta ne, bakinsa a buɗe.

Ita Gwaggon ce ma ta fara yaɗa zancen. Wannan ya zo daga baya, bayan aure, Hadiza ta faɗa mata a waya da zuciya ɗaya, kafin sati duk dangi sun ji cewa an tura yaro Ingila karatu ya koma wasan 'yar tsana. Sabo ya kira ni musamman yana tambaya wai gumaka nake tarawa. Ba zan ce maganar ba ta taɓa ni ba, shi ya sa har yau a akwati suke a rufe, ba na jera su a falo, ba sa kwana a fili inda nake salla. Amma daga bakin Sabo? Sabon da aka ba allura ya ajiye ta tun Baffa na da rai ya koma keken da kwamfuta ke zana masa aska cikin awa biyu? Kuma ku tambaye shi wa ya aiko da kuɗin keken.

Na koma kan jibba. Mabiya Mahadi sukan sa farar riga mai faci-faci, shuɗi da ja da baƙi, alamar sun saki duniya. 'Yan ƙungiya murabba'i kawai suke ɗigawa su wuce. Ni na kasa. Ɗan gidan ɗinki ya san faci ba ya zama a riga da kansa. Na sayi burushi mai lamba 0, na riƙa bin gefen kowane faci da ɗigon fari ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, kamar sawun allura. Soja ɗaya faci shida ko takwas. Ina dawowa aiki ƙarfe takwas na safe, maimakon in kwanta sai in zauna bakin taga saboda hasken hunturu ba ya daɗewa, kafin huɗu na yamma duhu ya yi. Ranar da na gane abin da nake yi ina kan na talatin da wani abu. Na riƙe numfashi ina ɗiga na kafaɗa, sai na ji harshena a tsakanin haƙora, daidai yadda Baffa ke yi idan ya zo kwanar tambari. Ɗinki nake yi. Da hagu.

Wasan kansa bai taɓa yi mini daɗi ba. Sau biyu na jera su gaban sojojin Baba, ya jefa ɗan ludo, aka ce in kwashe goma sun mutu. A Karari fiye da dubu goma aka kashe a safiya ɗaya da bindiga mai ruwa, ɓangaren Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, kuwa ba su rasa hamsin ba. Ina kwashe su ina tuna yadda na yi wa kowanne ido. Baba bai sake gayyata ta teburin ba, kuma bai tambayi dalili ba.

A mako na 11 na yi wautar da ta ci ni. Kwali na uku ya kusa kammala, na fita bayan gida da sassafe cikin raɓa da sanyin Fabrairu na fesa musu man kariya na gwangwani. Ba wanda ya gaya mini ba a fesa shi cikin laima. Ina tsaye ina kallo suka yi fari fat, su 31, kamar sun kwana a hazon Kano. Duk ɗigon nan nawa ya nutse. Na kira Baba murya na rawa. Ya ce kada in taɓa, in kawo. A ɗakin matarsa muka zauna dare uku yana bin su da mai mai sheƙi na burushi, farin yana narkewa a hankali, ni kuma ina bi da marar sheƙi idan sun bushe. Sun dawo, amma kwanakin sun tafi. Ranar ƙirga 111 na ajiye a tebur. Fam goma ta tafi biskit. Matar ta rasu a watan Mayu, Baba ya daina zuwa, ni ma rayuwa ta ja ni wani wajen.

Kafin haka na ɗauki hoton mai tutar nan kusa-kusa na tura wa Sabo ta WhatsApp, na ce ya nuna wa Baffa. Kwana biyu ya rubuto, "Ya gani." Na tambaya me ya ce. Ya ce bai ce komai ba. Na haɗiye, na ce dama me nake jira, hagu ta tsarki ce.

Sai da muka yi sadakar bakwai ta Baffa a 2019, muna zaune a zauren da dare an watse, Sabo ya faɗa mini kamar wanda ke zancen farashin masara. Wai Baffa ya karɓi wayar ya kai ta dab da ido, ya sa aka buɗa masa hoton wajen kafaɗa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan wane irin zare ne siriri haka?" Sabo ya ce ba zare ba ne, fenti ne. Baffa ya ce a'a, a sake buɗa masa. Na ce wa Sabo, "Yaya, shekara biyu kana riƙe da wannan maganar?" Ya ce shi bai ɗauke ta wani abu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zancen lefen Hadiza da abin da Gwaggo ta yi a ranar kai shi.