Kwana Biyu a Hiroshima

Yau kwanana shida da dawowa Kano, barcina bai koma daidai ba tukuna. Ƙarfe uku na dare sai in farka ido garau, saboda awa takwas ce tsakaninmu da Japan. Masu zuwa yi mini barka da dawowa duk tambayarsu ɗaya ce, yaya injinansu, yaya tsaftar titunansu. Ina ba su amsa, amma abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan keke ne mai ƙafa uku.

Kwas ɗin mako uku kan noman shinkafa ne ya kai ni. Shigata ƙasar ba ta yi mini daɗi ba. A filin jirgin da muka sauka, jami'in da ke duba fasfo yana ganin koren littafin nan ya ɗaure fuska, ya ware ni gefe, aka zazzage jakata har yajin da maiɗakina ta ƙulla mini sai da aka kwance aka shinshina. Takardar gayyata tana hannuna, bai ko dube ta ba sai da na yi kusan awa ɗaya a tsaye. Da ya gama, turo mini fasfo ya yi da ɗan yatsa. Ban sake gamuwa da irinsa ba har na baro ƙasar, don mutanen Japan da na yi hulɗa da su sun fi mu ladabin layi da ladabin magana nesa ba kusa ba, amma ranar na ji zafi.

Da aka ba mu hutun ƙarshen mako mai tsawo, abokan kwas suka nufi kasuwar kayan lantarki, ni kuma na ce Hiroshima za ni. Ɗan yayata yana karatun digiri na biyu a can kusa, ga kuma wani dalilin da zan zo kansa. Kuɗin jirgin ƙasa mai gudun nan, Shinkansen, ya kusa yen 20,000 zuwa kawai. A canjin lokacin yen ɗaya ya ɗan haura naira 10, ku yi lissafi. Na daɗe a gaban na'urar tikiti kafin na danna. Amma tafiyar da ta fi Kano zuwa Ilori nisa, awa huɗu ya yi ta, kuma minti ɗaya bai ƙara a kan lokacin da aka rubuta ba. Na tuna jirginmu na Legas da muke shiga da tabarma da tulun ruwa.

Ɗan yayata ya tarye ni a tasha. "Kawu, ka ajiye tunanin kufai," in ji shi, "gari ne kamar kowane gari." Gaskiyarsa. Mutum sama da miliyan ɗaya, benaye, koguna shida sun ratsa shi, yara sanye da rigunan ƙungiyar ƙwallon garinsu. Muka hau tarago mai bin tsakiyar titi, a lokacin yen 220 ne duk inda za ka a cikin gari. Ya ce mini kwana uku kacal bayan bom ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa wa garin aka sake tayar da wani sashe na layin nan, kuma akwai taragon da ya sha wutar ranar yana aiki har yau.

Muna sauka a lambun tunawa da bom ɗin sai ga ginin nan mai ƙubba da bai rushe duka ba. Na sha ganinsa a hoto, amma hoto ba ya nuna tarin bulo da ke zube a ƙasa yadda ya faɗi, an bar shi a wurin. Ƙarafunan ƙubbar sun tsaya tsirara kamar kwandon da aka kifa. A 1915 aka gina shi don baje kolin kayan da lardin ke sarrafawa, kuma abin da ya sa bai rushe duka ba shi ne bom ɗin kusan a samansa ya fashe, ƙarfin ya danno daga sama maimakon ya buge shi daga gefe. Duk wanda ke ciki ya mutu nan take. Ga gadar Aioi a gefe, mai siffar harafin T, ita matuƙan jirgin suka saita. Ranar Litinin ce, 6 ga Agusta 1945, ƙarfe 8:15 na safe, lokacin da mutane suka fito aiki. Jirgi ɗaya ya saki bom ɗaya, bom ɗin ya fashe a sama kimanin mita 600. Kafin shekarar ta ƙare mutum kusan 140,000 sun mutu.

A nan wata dattijuwa ta same mu, cikin masu aikin sa kai da ke zagayawa da baƙi. Za ta yi shekara saba'in da wani abu, 'yar ƙarama, da hular rana da jaka a kafaɗa. Turancinta kaɗan ne, ɗan yayata yana cike mata da Japananci. Ta ga doguwar rigata da hula, ta tambayi ƙasarmu, ta rusuna har sai da na ji nauyi, don a wajenmu ni ya kamata in durƙusa mata. Na ce wa yaron ya gaya mata zan kira ta Iya. Ta yi dariya, ta maimaita kalmar sau biyu. Bayan yaƙi aka haife ta, amma mahaifiyarta tana garin ranar. Ta ce mahaifiyar ta ɓoye wannan shekaru da yawa, saboda a lokacin ba a son auren 'ya'yan waɗanda bom ya shafa, ana tsoron cuta a jininsu. Hibakusha ake kiran waɗanda bom ɗin ya shafa. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, wanda aka zalunta kuma shi ke ɓuya, kamar yadda ake yi wa kutare a garuruwanmu da.

Awa biyu ta yi da mu, ta ƙi karɓar ko sisi. Ita ta nuna mini gorunan ruwa da ake ajiyewa a gindin duwatsun tunawa. Ta ce waɗanda suka ƙone abu ɗaya suke roƙo, mizu, wato ruwa. An hana a ba su don an ce mai ƙuna in ya sha zai mutu, suka mutu da ƙishirwarsu, waɗanda suka hana su kuma suka rayu da wannan nadama. Da yawa kogin da muke tsaye a bakinsa suka faɗa. Mu da muka tashi muna jin falalar shayar da mai ƙishi, ba sai an yi mini dogon bayani ba.

Kuɗin shiga gidan tarihin bom ɗin yen 200 ne, bai kai kuɗin gorar lemo biyu ba. A ƙasar da na ga kankana guda a kan kuɗin da zai sayi buhun masara, wannan arhar da gangan ce, so suke kowa ya shiga. Ciki duhu ne, jama'a maƙil, amma ba ka jin komai sai tafiyar takalma. Akwai matattakalar dutse ta wani banki, da inuwar mutumin da ke zaune yana jiran a buɗe. Akwai farin bango da baƙin ruwan sama ya zubo a kansa ya bar zane, ruwan da mutane suka buɗe baki suka sha ba su san guba ba ne. Akwai kwanon abincin wani ɗan makaranta mai shekara 13, abincin ya zama gawayi a ciki. Ni da shinkafa ta kawo ni ƙasar, na daɗe a kansa. 'Yan makaranta ne aka fito da su rusa gidaje don a buɗe hanyar tare gobara, kimanin 6,000 cikinsu ba su koma gida ba.

Sai keken. Na Shinichi Tetsutani ne, saura wata ɗaya ya cika shekara huɗu, yana wasa a ƙofar gidansu. A daren ya rasu. Mahaifinsa ya ga yaron ya yi ƙanƙanta a kai shi maƙabarta shi kaɗai, sai ya binne shi a bayan gida tare da kekensa. Bayan shekara 40 ya tono, ya mayar da ƙasusuwan maƙabartar dangi, ya ba da keken. Tsatsa ta cinye shi, babu roba a ƙafafun, sirdin ya tafi. Autana yana da irinsa, ja, na saya masa a Sabon Gari da sallar bara. Na nemi benci na zauna.

Dalilin da na ce zan zo kansa shi ne kakana. Sojan Ingila ne a yaƙin Burma, cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da aka kwasa aka kai daji su yaƙi Japanawa, da Hausa ake ba su umarni. Muna yara yakan zaunar da mu a zaure ya ba mu labarin ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku, da abokan da ya bari a can. Yakan ce suna Indiya ana shirin sake tura su sai aka ce Amurka ta jefa wani abu, yaƙi ya ƙare. "Ba don shi ba, da ba a haifi ubanku ba." Da wannan maganar na girma, kuma ban taɓa jin ko ɗar game da bom ɗin ba sai da na zauna a bencin nan.

Da dare muka yi ta muhawara da ɗan yayata. Abincin garin da ake ji da shi, okonomiyaki, wata irin waina ce ta kabeji da taliya da ƙwai, amma naman alade ake shimfiɗa mata, don haka sai da muka yi tafiya kafin ya kai ni inda ake yi wa Musulmi da kayan teku a kan tanda daban. Ta yi daɗi, sai dai yaji ya yi mata kaɗan. Shi yana ganin hujjar Shugaba Truman na Amurka tana da ƙarfi: da an shiga Japan da ƙafa, da waɗanda za su mutu sun fi haka. Ya ce in tuna abin da sojan Japan suka yi a birnin Nanjing na China, da matan Koriya da suka tilasta wa, da fursunonin da suka mutu a aikin layin dogo. Ya ce a dare ɗaya na Maris 1945 bama-baman gobara sun kashe kusan mutum 100,000 a Tokyo, me ya sa ba a kuka da wannan?

Ban musa masa ko ɗaya ba. Gwamnatin Japan ta wancan lokaci azzaluma ce, kuma na lura gidan tarihin bai tsaya sosai a kan wannan ba. Dutsen tunawa da dubban 'yan Koriya da bom ɗin ya kashe ma, waɗanda da yawansu aikin dole ya kawo su, sai a 1999 aka shigo da shi cikin lambun. Amma na ce masa Janar Eisenhower da Admiral Leahy, manyan sojan Amurka da kansu, sun rubuta daga baya cewa Japan ta riga ta karye, ba a bukatar bom ɗin. Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 8 ga Agusta, kuma akwai masana tarihi da ke ganin wannan ya girgiza shugabanninta kamar bom ɗin ko fiye. Ko ma a ce lissafin Truman daidai ne, ni ban yarda a yi lissafi da yaro a kan keke ba. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna, ya hana kashe yaro da mace da tsoho, ya hana sare itace mai 'ya'ya. Makamin da ba ya iya bambance soja da jariri, ban ga inda zai halatta ba, a hannun kowa yake. Yaron ya ce, "To Kawu, da kakanku fa?" Na ce Allah ne ya dawo da shi, kuma ina jin da ya ga keken nan da ya sauya yadda yake ba mu labarin.

Abin bai yi mana nisa yadda muke zato ba. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta fara aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo. Faransa kuma a Saharar Aljeriya ta gwada nata na farko, a Reggane, cikin Fabrairun 1960, inda iskar hunturu ke tasowa ta nufo mu. Da ta ƙi dainawa, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961. Da na gaya wa Iya washegari cewa Najeriya ta amince da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ranar 6 ga Agusta 2020, ta kama hannuna da hannu biyu. Ƙasarta ba ta sa hannu ba, tana ƙarƙashin kariyar makaman Amurka, kuma wannan yana cin ta. Ta yi murna da kyautar Nobel da aka ba ƙungiyar hibakusha, Nihon Hidankyo, amma ta ce waɗanda suka gani da idonsu suna ƙarewa.

Mun koma ne da safe don in cika wani nufi. Na sayi gorar ruwa a na'ura, na ajiye a gindin tudun da aka tara tokar mutum kusan 70,000 da ba a gane su ba ko ba a sami danginsu ba. Iya ta ba ni tsuntsun takarda da ta naɗe da hannunta, irin waɗanda Sadako Sasaki ta yi ta naɗewa a asibiti kafin sankarar jini ta kashe ta a 1955 tana da shekara 12. Ni kuma na ba ta turaren wuta da na taho da shi. Wutar da aka kunna a lambun tun 1964, da alƙawarin ba za a kashe ta ba sai makaman sun ƙare a duniya, tana nan tana ci.

Nagasaki ban samu zuwa ba, kuɗi da lokaci suka hana. Can ma an jefa bom ranar 9 ga Agusta, mutum kusan 74,000 suka mutu, kuma garin Kokura aka nufa, rashin ganin ƙasa ya sa jirgin ya juya. Da rana muka leƙa tsibirin Miyajima, barewa ta cinye mini rabin taswira. Na yi tsaraba a shagon da komai yen 100 ne, don a Japan ba a ciniki, abin da aka rubuta shi za ka biya.

Sauran kwas ɗin ya tafi lafiya, na taho da littafi cike da bayanin dashe da ban ruwa. Ta Addis Ababa muka biyo. Da na iso gida autana ne ya fara fitowa, a kan kekensa. Tsuntsun takardar yana kan kabad, na hana kowa taɓawa.